Kitse a jijiyoyin zuciya ba tare da ciwon ƙirji ba: tambayoyi da amsoshi

Ina aiki a wani ƙaramin asibiti na ƙauye a yankin Ringim. Ranar kasuwa mukan fito da benci ƙarƙashin darbejiya mu ajiye na'urar awon jini, duk mai wucewa mu ce ya miƙo hannu. Amsar da na fi ji ita ce, "Malam, ni fa lafiyata ƙalau, ba inda ke min ciwo." Tambayoyin da ke ƙasa daga wannan benci suka fito, wasu kuma daga ɗakin ganin marasa lafiya. Ni ma'aikacin lafiya ne, ba likitan zuciya ba, saboda haka inda magana ta kai ga likita zan ce a je wurinsa.

Wane kitse ake nufi, kuma a ina yake taruwa?

Zuciya tsoka ce da ke bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, ba ta hutun Juma'a, ba ta na sallah. Jinin da ke wucewa ta cikinta ba shi ke ciyar da ita ba. Tana da nata jijiyoyin da suka kwanta a jikinta ta waje kamar saiwa, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, ta hagun kuma ta rabu biyu. Faɗin kowace bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, wato kamar bututun tawada na cikin biro.

A bangon waɗannan jijiyoyi ne abin yake taruwa. Wani nau'in maiƙo da ke yawo cikin jini, wanda ake kira kolestarol, yana kutsawa ƙarƙashin fatar cikin jijiya, musamman inda hawan jini ko hayaƙin taba ko sukari ya riga ya goge ta. Ƙwayoyin garkuwar jiki su zo su haɗiye shi, su mutu a wurin, a hankali sinadarin kalsiyam ya hau kai ya taurare. Mutanen fadamar Hadejia sun san yadda ciyawar kachala take cinye hanyar ruwa shekara bayan shekara har gonar ƙasa ta rasa ruwa. Kusan haka ne, sai dai kachala a cikin ruwan take tsiro, shi kuwa wannan a cikin bangon yake, shi ya sa ba abin da za a ɗura a wanke shi ya fita.

Idan da gaske jijiyata tana toshewa, don me ba na jin ciwo?

Ita jijiyar ba ta kuka. Abin da ke ciwo shi ne tsokar zuciya idan jini ya gaza mata, kuma hakan ba ya faruwa da wuri. Da farko jijiyar buɗewa take yi ta waje don ta ba kitsen wuri, hanyar jini ta zauna yadda take. Sai toshewar ta kai wajen kashi 70 cikin 100 kafin yawancin mutane su fara jin nauyi a ƙirji, shi ma sai sun yi aikin ƙarfi ko sun hau tudu. Wani kuma da yake abin a hankali yake zuwa, zuciyarsa takan buɗe ƙananan hanyoyi na gefe, jini ya riƙa zagayawa ta nan.

Akwai kuma dabarar da mu kanmu muke yi ba mu sani ba. Wani dattijo ya rantse mini bai taɓa haki ba. Da muka ɗan taɓa hira sai ya fito cewa shekara biyu ke nan ya bar zuwa gonar nesa da ƙafa, jikansa ke kai shi a babur, huɗa kuma ya bar wa yara. Da na tambaye shi dalili ya ce, "Girma ne, ɗana." Mai yiwuwa girman ne. Mai yiwuwa kuma jikin ne ya rage masa aiki daidai da jinin da zuciyar ke samu, shi kuma ya sa wa abin suna tsufa.

Masu ciwon sukari nasu ya fi wuya. Sukarin da ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. Yadda ƙaya kan soki ƙafar mai sukari bai ji ba sai ya ga jini a takalmi, haka zuciyarsa kan yi rauni bai ji ba, sai daga baya a ga tabon a gwaji.

To in bai toshe sosai ba, ai ba matsala ke nan?

Nan ne haɗarin yake. Tarin kitsen yana da wata 'yar fata da ta rufe shi, kamar maruru. Idan fatar ta fashe, jini yana ɗaukar wurin a matsayin rauni, sai ya daskare a kai. Cikin mintuna gudan jinin ya rufe hanyar da jiya take a buɗe, tsokar da ke gaba ta fara mutuwa. Wannan shi ne bugun zuciya. Da yawa daga cikin tarin da ke fashewa ba su kai girman da za su sa ciwo ba kafin ranar. Shi ya sa za ka ji an ce, "Tare muka yi Asuba da shi fa." Gaskiya ne, tare aka yi. Abin da ya kayar da shi da hantsi ya yi shekara ashirin ko talatin yana ginuwa.

Daga wane shekaru yake farawa?

Tun ƙuruciya. A 1953 likitocin sojan Amurka sun fitar da sakamakon binciken gawarwakin sojoji 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu 22, suka tarar kusan uku cikin kowane huɗu sun riga sun fara tara shi. Samari ne majiya ƙarfi. Fara taruwa daban, kai wa ga cuta daban, abin da ke tsakani shi ne yadda mutum ya rayu da abin da ya gada.

Malam, ni manomi ne, dubi jikina ko tumbi babu. Wannan ba ciwon masu kuɗin birni ba ne?

Aikin gona kariya ne, ba na musu. Tuwon dawa da miyar kuka da wake ma sun fi abincin da yawancin 'yan birni ke ci. Kuma a Arewa har yanzu ciwon zuciyar da aka fi gani shi ne wanda hawan jini ya kumbura zuciyar, da na masu jego, da wanda ke lalata ƙofofin zuciya bayan ciwon maƙogwaro na yarinta. Toshewar jijiya tana bayansu, sai dai tana ƙaruwa.

Amma kitsen jijiya ba kitsen tumbi ba ne. Yawancin kolestarol hanta ce ke ƙera shi, siriri ma yana iya samunsa da yawa. Hawan jini kuwa bai san ƙauye da birni ba, mafi tsananin awon da na taɓa gani a hannun wani siririn makiyayi na gan shi. Ƙauyen ma ya sauya: babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, shayi mai cokali huɗu na sukari safe da dare, lemon kwalba a kowane shago, taliya da dunƙulen magi uku a tukunya. Aikin ƙarfin kuma na damina ne, da rani wasu sai zaman majalisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Su wa ya kamata su fi damuwa?

Mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai shan taba ko shisha, mai ciwon ƙoda, mai ƙiba musamman ta ciki, da duk namijin da ya wuce 45 ko macen da ta wuce 55. Sai gado: idan mahaifinka ko ɗan'uwanka ya samu bugun zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65, ka gaya wa likita ko bai tambaya ba. A wajenmu ba a cika sanin sunan ciwon da ya kashe mutum ba, sai a ce "faɗuwa ya yi" ko "kwana ya yi bai tashi ba". Wannan ma a faɗa. Abubuwan nan kuma ba jeruwa suke yi ba, ninka juna suke yi. Mai hawan jini da ke shan taba kuma yana da sukari ya yi nisa ƙwarai da mai ɗaya kawai.

Ba wata alama ko kaɗan da mutum zai lura da ita?

Wani lokaci babu. Wani lokaci akwai, sai dai ba a ƙirji ba. Haki a aikin da bara kake yi ba haki, kamar jan guga ko ɗora buhu a amalanke. Gajiyar da ba ta da dalili. Nauyi a muƙamuƙi, wuya, kafaɗa ko hannun hagu da ke zuwa in ana tafiya, ya lafa in an tsaya. Wannan zuwa da aiki da tafiya da hutu shi ne abin da nake sa wa kunne.

Akwai biyu da ba a haɗa su da zuciya. Ɗaya ciwon sha-raɓa da ke kama mutum bayan ya yi 'yar tafiya, ya tsaya ya sake shi, wanda ke nuna jijiyoyin ƙafa sun ƙuntata, kuma da wuya na zuciya su tsira. Ɗayan kuma raunin mazakuta. Jijiyoyin wurin sun fi na zuciya sirantaka, sukan riga su nunawa. Magidanta da yawa sun gwammace su sayi maganin ƙarfin maza a bayan motar mai lasifika da su faɗa wa ma'aikacin lafiya, alhali awon jini da na sukari ya kamata a fara yi musu.

Ni dai olsa aka ce ina da ita. Yaya zan gane bambanci?

A ƙasar nan kusan duk ciwon da ya faɗo tsakanin wuya da cibiya sunansa olsa. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah mai kimanin shekara sittin da ta kwana biyu tana shan farin maganin olsa na ruwa da aka ba ta a kemis, saboda zafi a ƙahon zuciya da amai. Ɗanta ya kawo ta a babur, ta jiƙe sharkaf da gumi ga shi lokacin hunturu ne. Na ce, "Inna, tun yaushe kike wannan gumin?" Ta ce tun daren shekaranjiya. Muka tura ta babban asibiti, gwaji ya nuna zuciya ce. Ta rayu, amma wani sashe na tsokar ya riga ya tafi.

Ƙwannafi da gyambon ciki sukan bi abinci: yunwa, yaji, kwanciya bayan an ci. Na zuciya yakan bi aiki ko ɓacin rai, yakan zo da gumi mai sanyi, haki ko jiri, mutum ya ce kamar an ɗora masa dutse. Amma ko likita ba ya rantsuwa a kan wannan sai ya yi gwaji. Wanda ya wuce arba'in, musamman mai sukari ko hawan jini, idan sabuwar "olsa" ta zo masa da gumi, a ɗauka zuciya ce har sai an tabbatar ba ita ba ce.

Wane gwaji zan yi, kuma sai na je Kano?

Mafi amfani su ne mafi araha, kuma ba sai an je Kano ba. Awon hawan jini ana yi a kowane ƙaramin asibiti. Idan ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne. Sukari kuma in an auna kafin karyawa ya kai 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, sai a maimaita don a tabbatar. Gwajin kolestarol da na ƙoda sai babban asibiti, irin na Hadejia, Gumel, Kazaure ko Ringim, ko ɗakin gwaji mai zaman kansa. Da waɗannan da shekarunka da tarihin gidanku likita zai iya ƙiyasta haɗarinka ba tare da ya ga jijiyar ba.

Na gaba da su, wato gwajin wutar zuciya da ake kira ECG da hoton zuciya na eko, gwajin da ake sa mutum tafiya a kan na'ura ana duba zuciyarsa, hoton CT da ke auna kalsiyam a jijiya, da wanda ake zura siririn bututu ta hannu ko cinya a zuba ruwan da ke nuna hanyar jini, likita ne ke zaɓar wanda ya dace da kai. Idan ana bukatar ƙwararre, akan tura mutum manyan asibitoci irin Rasheed Shekoni a Dutse, Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Wanda ba ya jin komai kada ya sayar da akuya don hoto mai tsada alhali bai taɓa auna jininsa ba.

An yi min ECG an ce lafiya lau. Na tsira?

A'a. ECG wutar zuciya yake karantawa na 'yan daƙiƙoƙi kana kwance. Yana iya nuna tsohon tabo ko bugun da ke faruwa a lokacin, amma ba ya ganin bangon jijiya.

Akwai maganin da ke narkar da shi?

Wanda zai share shi tas babu. Akwai dai magungunan rage kolestarol, irin su atorvastatin da rosuvastatin, da ke hana shi ƙaruwa, su ƙarfafa fatar da ta rufe shi don kada ta fashe, wani lokaci su ɗan rage shi. Tare da maganin hawan jini da na sukari, su ne suka fi rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai ciki ba ta shan na kolestarol, wanda kuma ya ji ciwon tsoka bayan ya fara ya koma a duba ko a sauya masa.

Matsalar da nake fama da ita ba ta rashin magani ba ce kawai. Mutum zai sha na wata ɗaya, a auna a ga jini ya sauka, ya ce ya warke ya ajiye. Maganin ne ya saukar da shi, ranar da aka bari zai koma inda yake. Wanda kuɗi ya yanke masa ya faɗa, sau da yawa akwai mai sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya.

Buɗe jijiya da 'yar ragar ƙarfe ko tiyatar yi wa jini sabuwar hanya na masu bugun zuciya ne, ko masu ciwon da magani ya kasa, ko toshewa a wuri mai haɗari. Ba a yi wa kowa don kawai an ga kitse.

Zoɓo da tafarnuwa da habbatus sauda fa? Ƙaho kuma ba ya fitar da mataccen jini?

Zoɓo marar sukari yana ɗan saukar da jini kaɗan, tafarnuwa a miya ba laifi. Ba ɗayansu da ke cire abin da ke cikin bangon jijiya, kuma ba sa maye gurbin ƙwaya. Jinin da wanzami ke ja na ƙarƙashin fata ne, bai kusanci zuciya ba. Wanda ke shan maganin tsinka jini ma ya sanar kafin a sa masa aska. Abin da na fi tsoro shi ne jiƙon da ba a san me ke ciki ba, don wasu na taɓa ƙoda, ƙoda kuma in ta taɓu jini hawa yake.

Maƙwabcina yana shan asfirin kullum. In fara?

Kada ka fara da kanka. Ga wanda ya taɓa bugun zuciya ko aka tabbatar masa da toshewa, amfaninsa a fili yake. Ga wanda bai taɓa ba, yana iya jawo zubar jini a ciki da ya fi amfanin. Tunda an zo nan, haɗin "maganin gajiya" da ake saya da yamma bayan an taso daga gona yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, kuma shan su kullum yana hawar da jini, yana ɓata ƙoda.

Me zan bari a abinci? Man shanu ma?

Gishiri ne na farko. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya bai kai giram 5 a rana ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi, duk da wanda ke cikin abinci. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma 'yar gidansu ce. Sai a ga an zuba duka ukun a tukunya ɗaya, a kuma kawo yaji mai gishiri a gefe. Uwargida ta rage sannu a hankali, ta ƙara daddawa, albasa da citta, cikin 'yan makonni harshe zai saba.

Man shanu, kitsen nama, har da wanda ake sa wa a tsakanin tsire, da manja mai yawa suna ɗaga kolestarol. Ban ce a haramta ba, ɗan ɗigo a miya daban yake da malala shi a kan tuwo kullum. Man gyaɗa ya fi, muddin ba wanda aka soya ƙosai da shi sau biyar ya yi baƙi ba. Gero, dawa, wake, gyaɗa, zogale, rama, kuɓewa da kifin Hadejia duk naku ne, ku riƙe su. Fura ba ta da laifi sai an cika ta da sukari.

Taba kuwa ba ta da ma'auni, bari ake yi. Shekara ɗaya bayan an daina, haɗarin ciwon jijiyar zuciya yakan ragu da kusan rabi. Da rani, tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar a mako ta cika minti 150 da ake so.

Mu mata ma yana kama mu?

Ƙwarai, Hajiya. Yakan jinkirta muku har bayan ɗaukewar al'ada, daga nan ku kamo maza. Naku kuma ya fi zuwa a ɓoye, da gajiya, haki, tashin zuciya ko ciwon baya. Wadda ta taɓa hawan jini ko jijjiga ko sukari lokacin goyon ciki ta riƙa awo ko bayan ta gama haihuwa.

Zan iya azumi ina shan waɗannan magunguna?

Da yawa suna iyawa, don magungunan sau ɗaya a rana ana mayar da su buɗa-baki ko sahur. A je a tsara da likita tun cikin Sha'aban, musamman mai sukari, mai shan maganin sa fitsari, da wanda bai daɗe da bugun zuciya ba.

Idan abin ya zo wa mutum cikin dare a ƙauye, me za mu yi?

Nauyi ko matsewa a ƙirji da ya wuce 'yan mintuna bai lafa da hutu ba, ko haki da gumi mai sanyi haka kawai, ba a jira gari ya waye. A zaunar da shi ya jingina, a sassauta masa riga, kada a bar shi ya taka da ƙafarsa zuwa bakin titi. Idan yana cikin hayyacinsa, asfirin bai taɓa yi masa illa ba, kuma ba ya zubar jini ko baƙin bayan gida, ya tauna miligiram 300. A nemi mota, in babu sai babur, wani ya hau bayansa ya riƙe shi. A wuce kai tsaye babban asibitin da ke da ECG, kada a tsaya kemis, kada a tsaya ƙarin ruwa a gida. Addu'a a yi ta a hanya. Sa'o'in farko su ne ake iya ceto tsokar da ba ta riga ta mutu ba.

Idan ya faɗi ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓar juna in an gaji. Wani kuma ya tattara duk magungunan da yake sha, har da na kemis da na gargajiya, a zuba a leda a tafi da su, likita zai tambaya.